Makon Farko na 'Yan Tsaki: Yadda Ake Gina Hanjinsu Tun Daga Ranar da Aka Sauke Kwali

Ɗan tsakon da kazar gida ta ƙyanƙyashe a akurki da wanda aka ɗauko a kwali daga Ibadan duk kwana 21 suka yi a cikin ƙwai, amma ba da gado ɗaya suka fito ba. Na farkon a ƙarƙashin fiffiken uwarsa yake buɗe ido, yana tsattsagar ƙasar da ta taka har da ɓurɓushin kashinta. Ta haka yake cika hanjinsa da ƙwayoyin bakteriyar da uwar ta daɗe tana zaune lafiya da su. Na biyun kuwa daga inji ya fito, cikin ƙwan da aka tsabtace aka yi wa feshin magani, kuma har a yanka shi ba lalle ne ya ga babbar kaza ba. Hanjinsa kusan fayau yake. Duk abin da ya fara shiga bakinsa a kwali, a mota, ko a ɗakin da ka tanada masa, shi zai fara zama a ciki. Kamar sabuwar kasuwa ce da aka buɗe rumfunanta babu kowa: wanda ya riga zuwa shi ke kama wuri, wanda ya makara sai ya yi ta rakuɓe. Aikin mai kiwo a makon farko shi ne ya tabbatar masu amfani ne suka riga zuwa.

A shekarar 1971 ƙwayar Salmonella, wata bakteriya mai cutar da kaji da mutane, ta bazu a gonakin kajin ƙasar Finland. Masana biyu, Nurmi da Rantala, suka ɗebi abin da ke cikin hanjin manyan kaji masu lafiya suka ba sababbin 'yan tsaki, sannan suka ba su Salmonella. Waɗanda aka ba abin hanjin manyan kajin, cutar ta kasa samun gindin zama a cikinsu. Sun wallafa sakamakon a 1973, kuma daga nan aka samo kayayyakin da ke ɗauke da bakteriyar hanjin manyan kaji don ba 'yan tsaki, irin su Broilact da Aviguard. A 2019 wasu masana a Jamhuriyar Cek suka nuna cewa zaman awa 24 kacal tare da babbar kaza ya isa ya sa 'yan tsaki su samu tarin bakteriyar hanji irin na manya cikin mako guda, abin da 'yan tsakin inji kan ɗauki makonni kafin su samu.

Abin da ke faruwa a ciki

Duk wanda ya taɓa fede kaza ya san wasu jakunkuna biyu dogaye da ke kusa da ƙarshen hanji, waɗanda ba su da mafita. A nan bakteriya suka fi taruwa. A kwanakin farko masu saurin yaɗuwa ne ke cika wurin, wato dangin E. coli da Enterococcus. Cikin mako na biyu wasu jinsuna da ba sa son iska sukan karɓe ragama, su riƙa narkar da ragowar abincin da kazar ba ta iya narkarwa ba, suna fitar da sinadarai masu ɗan tsami. Ɗaya daga cikinsu, butiret, abinci ne ga fatar hanjin kanta. Tsamin kuma yana takura wa Salmonella. Can sama, a jakar abincin da ke gindin wuya da kuma ƙaramin hanji, Lactobacillus ne ke da rinjaye, dangin waɗanda ke mayar da madara kindirmo.

Fatar hanji a ciki cike take da ƙananan tsirrai masu kama da gashi, su ne ke tsotse abinci. A makon farko hanji yana girma da sauri fiye da sauran jiki, tsirran nan suna tsawo suna faɗi, yauƙin da ke lulluɓe su yana kauri. Abinci da bakteriya su ke zaburar da wannan girma. Idan aka rasa wannan dama, kaza za ta ci buhu bayan buhu amma nama ba zai biyo kuɗin da aka kashe ba.

Ta ɓangaren garkuwar jiki, babban kaso na sojojin jikin kaza a bangon hanji suke zaune. Akwai wata 'yar jaka a saman duburarta da ake kira jakar Fabirishiyos, wadda Bruce Glick ya gano aikinta a Amurka a 1956: a cikinta ake renon ƙwayoyin da ke ƙera makaman yaƙi da cuta. Ita ce cutar Gumboro ke lalatawa, shi ya sa garken da Gumboro ta taɓa kowace cuta ke samunsa. Jakar nan da sauran gungun garkuwa na bangon hanji ba sa cika girma sai sun haɗu da bakteriya, da su suke koyon bambance baƙon arziki da ɓarawo. An gwada renon kaji a wurin da babu ƙwaya ko ɗaya, sai aka tarar bangon hanjinsu siriri ne, garkuwar hanjin kuma ba ta bunƙasa ba. Kafin garkuwarsa ta ƙosa, ɗan tsako da aron uwarsa yake kare kansa, wato makaman da ta zuba masa a gwaiduwa, waɗanda ke raguwa kullum har su ƙare cikin mako biyu zuwa uku.

Mataki na farko: ɗaki, tun mako biyu kafin su zo

Kwashe tsohuwar shimfiɗa gaba ɗaya, ka fitar da ita nesa da ɗakin. Wanke ƙasa da bango da kwanonin ci da na sha da ruwa da sabulu tukuna, sannan ka yi feshin maganin kashe ƙwayoyi. Feshi a kan busasshen kashi asarar magani ne, ba ya ratsawa. Bar ɗakin ya bushe ya huta kamar mako biyu. A nan Legas, inda hayar wuri ke da tsada kuma kowa ke son ya fitar da kaji kafin Salla ko Kirsimeti, wannan hutun ne aka fi tsallakewa. Mai ɗaki ɗaya a Agege ko Ikorodu ya sayar yau, jibi ya zuba sababbi. Ma'anar haka ita ce ya bar wa jarirai gadon duk cutar da garken baya ya yi fama da ita.

Shimfiɗa ta zama figaggen katako mai faɗi, busasshe, kaurinsa ya kai santimita 5. Garin katako mai laushi ba na 'yan tsaki ba ne, sukan cinye shi su cika ciki da abin da ba abinci ba. Da damina ka cusa hannu cikin buhun kafin ka biya: idan da ɗumi ko warin funfuna, bar shi, domin funfunar na shiga huhunsu.

Kunna wuta awa 24 kafin isowarsu. Mutane sukan ce ai Legas da zafi, me za a yi da kaskon gawayi? Ɗan tsako ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa sai ya kusa mako biyu, kuma simintin ɗaki da asubahin watan Yuli sanyi gare shi. Ana son iskar da ke daidai tsayinsu ta kai digiri 32 zuwa 34 a ma'aunin Celsius, shimfiɗar kuma 28 zuwa 30. Ɗan tsakon da ƙafarsa ta yi sanyi ba ya neman abinci, gwaiduwar cikinsa ba ta narkewa da wuri. Idan gawayi za ka yi amfani da shi, hura shi a waje sai ya yi ja hayaƙi ya ƙare, kuma kar ka rufe ɗakin ruf da leda. Bar kafar iska ta sama.

Mataki na biyu: ɗaukowa

Yawancin 'yan tsakin da ake kiwo a Legas daga kamfanonin ƙyanƙyasa na Ibadan da jihar Ogun suke zuwa, kwali ɗaya guda 50 da gyara ɗaya. Abin da ba kowa ke lissafawa ba shi ne, a inji ɗaya tsakanin wanda ya fara fasa ƙwai da na ƙarshe akan samu tazarar kwana guda ko fiye. Haɗa da tantancewa, da rigakafi, da jiran mota, da cunkoson hanyar Ibadan zuwa Berger, mashigar Legas. Wanda ake ce maka ɗan kwana ɗaya ne, yana iya zama ya kwana biyu bai sa komai a baki ba. Gaskiya ne gwaiduwar da ya haɗiye ta cibiya kafin ya fito tana iya riƙe ransa har kwana uku, amma riƙe rai kawai take yi. Duk awar da ya yi ba ci, girman hanjinsa da na garkuwarsa jinkiri suke yi, kuma yana ƙona makaman uwarsa a matsayin abinci.

Don haka shirya da dillalinka ka san ranar ƙyanƙyasa da lokacin da mota za ta sauke, ka je da kanka ko ka tura wanda ka yarda da shi. Kar a sa kwali a but ɗin mota, kar a ajiye shi a rana. Buɗe ka duba kafin ka tafi: ido a buɗe tar, ƙafa cike take tana sheƙi ba a yamushe ba, gashi a bushe, cibiya a rufe babu baƙin ɓawo ko danshi. Cibiyar da ba ta rufe ba ƙofa ce ga E. coli zuwa gwaiduwa, kuma ita ce kan gaba wajen mace-macen kwana uku zuwa biyar na farko. Tambayi wace rigakafi aka yi musu a kamfani, ka rubuta.

Mataki na uku: ruwa da abinci tare, nan take

Akwai tsohuwar al'ada ta barin 'yan tsaki a kan ruwan gulukos zalla na tsawon yini, wai kar abinci ya hana gwaiduwa narkewa. Binciken da Noy da Sklan suka yi a Isra'ila ya nuna akasin haka: waɗanda suka fara ci da wuri sun fi saurin cinye gwaiduwarsu, domin motsin hanji shi ke jawo ta. Ruwan gulukos da bitamin yana da amfani ga waɗanda suka sha hanya, amma na 'yan awanni ne. Idan ya daɗe, kashi ke liƙe musu a gindi.

Shimfiɗa takarda a kan mafi yawan wurin renon, ka barbaɗa sitata, wato abincin farko na 'yan tsaki, a kai, kamar giram 40 ga kowane ɗan tsako. Ƙarar da takardar ke yi idan suna takawa ita ke jawo hankalinsu su fara tsattsaga. Kwanon sha ɗaya ga kowane 50, a jere kusa da abincin yadda ba sai sun yi tafiya ba. Waɗanda ka ga sun galabaita, tsoma musu baki a ruwa ɗaya bayan ɗaya. Bar haske kusan dare da rana a kwanakin farko, da awa guda na duhu. Cire takardar bayan kwana uku kafin ta zama tabarmar kashi.

Sannan ka yi gwajin da ba ya cin ko kobo, wanda kuma na fi yarda da shi a kan kowane ma'auni. Kama 'yan tsaki 30 zuwa 40 daga kusurwoyi daban-daban, ka shafa jakar abincin da ke gindin wuyansu ta ɓangaren dama. Idan ta cika tana da laushi, ya ci ya sha. Idan ta yi tauri kana jin tsakin abinci, ya ci bai sha ba. Idan ruwa ne tsululu, ya sha bai ci ba. Bayan awa 8 da saukewa ana son 8 cikin kowane 10 su kasance da cikakkiyar jaka mai laushi. Bayan awa 24, a ƙalla 95 cikin 100. In ba a kai haka ba, duba ɗumi da haske da nisan ruwa kafin ka zargi kamfani.

Kalli kuma yadda suka bazu. Sun cunkushe a gindin wuta suna kuka, sanyi ne. Sun gudu jikin bango suna haki da baki buɗe, zafi ya yi yawa. Sun koma gefe ɗaya, iska ce ke kaɗa su.

Mataki na huɗu: maganar antibayotik

Nan ne zan ɗan tsaya, don nan muka fi yin ɓarna da hannunmu. Je kowane shagon kayan kaji a Oko-Oba da ke Agege ka ce ka sayi 'yan tsaki, akwai yiwuwar a haɗa maka da ƙullin antibayotik, wato maganin kashe bakteriya, na kwana biyar, a ce na share cibiya ne ko na gajiyar hanya. Mai kiwo ya ba su, ya ga ba su mutu ba, ya ce magani ya yi aiki. Maganin kuwa ba ya tantance mai amfani da mai cutarwa. A daidai kwanakin da Lactobacillus da 'yan'uwansa ke ƙoƙarin kama wuri, sai ka share su. Waɗanda suka tsira su ne masu taurin kai da maganin bai iya kashewa ba, kuma su za su cika hanjin. Ranar da ciwo na gaske ya zo a mako na uku ko na huɗu, a ba da maganin nan ya ƙi ci, a koma wani mai tsada. Ƙwayoyin da suka saba da magani kuma ba a gona suke tsayawa ba, suna bin hannun mai fiɗa da kwatar gida. Tarayyar Turai ta haramta sa antibayotik a abincin dabbobi don ƙara girma tun 2006, kuma ba su daina kiwon kaji ba.

Ba cewa nake a bar kaji su mutu ba. Idan mace-mace suka wuce ɗaya cikin ɗari a makon farko, ko ka ga kumburarren ciki mai wari, ko farin zawo da ke liƙe gindi, ɗauki gawa biyu ko uku da ba su daɗe ba ka kai wa likitan dabbobi ya fede. Shi zai faɗi maganin da ya dace da adadin kwanakin. Sayi mai lambar NAFDAC, ka cika kwanakin, ka kiyaye wa'adin da ake jira kafin yanka.

Abin da ya fi cancanta da kwanakin farko shi ne furobayotik, wato bakteriya masu rai da aka tanada a gari ko a ruwa. Ka ba su tun ranar farko zuwa kwana uku ko biyar, ka maimaita bayan duk wani magani da likita ya rubuta. Sharuɗɗansa uku ne. Kar ka haɗa shi da antibayotik a ruwa ɗaya. Kar ka zuba shi a ruwa mai kulorin, sinadarin kashe ƙwayoyin ruwa. Kuma ka duba yadda aka ajiye shi a shago, domin abu ne mai rai, wanda ya yi watanni a kanta ƙarƙashin kwano mai zafi ba lalle ne da sauran rai a cikinsa ba. Nau'in Bacillus ya fi jure zafi, shi ya sa ake iya cakuɗa shi a abinci. Kar kuma ka ɗora masa abin da ba zai iya ba: jinsi biyu ko uku ne a ƙulli, uwa kuwa ɗaruruwa take bayarwa, kuma ba ya gyara jiƙaƙƙiyar shimfiɗa.

Wani zai ce, to me zai hana in ɗebo kashin kazar gida in ba su, tunda abin da Turawan Finland suka yi ke nan? Kada ka kuskura. Nasu daga kajin da aka tantance ba su da cuta aka ɗebo. Kazar unguwa tana iya ɗauke da Salmonella, cutar Nukasil, tsutsar ciki ko murar tsuntsaye alhali tana yawonta garau. Saboda wannan dalili ma, wanda ya je kasuwar kaji da safe kar ya shiga ɗakin 'yan tsaki da takalmin da ya je da shi. Kindirmo kuma, cokali kaɗan a ruwa ba zai kashe su ba, amma kaji ba sa narkar da sukarin madara sosai, da ya yi yawa zawo ne, ga shi yana saurin lalacewa a kwano da zafin nan.

Mataki na biyar: ruwan sha da buhun abinci

A unguwanni da yawa na Legas rijiya ba ta da zurfi kuma masai na kusa da ita, wasu wuraren na bakin teku ruwan ma da gishiri-gishiri. Ruwan da ba za ka sha ba kar ka ba ɗan tsako. In da hali a gwada ruwan burtsatsenka sau ɗaya a shekara. Sa kulorin daidai yadda aka rubuta, amma dakatar da shi kwana biyu kafin ranar rigakafi ko furobayotik. Wanke kwanonin sha kullum da soso. Santsin da kake ji a cikin kwano gidan bakteriya ne, ɗauraya kaɗai ba ta fitar da shi. Tankin da ke kan rufi yana ɗaukar zafi da rana, a yi masa inuwa.

Buhun abinci a ɗora shi kan katako, nesa da bango, kuma kar ka sayi wanda zai wuce mako biyu zuwa uku a ajiye lokacin damina. Masara da ƙuliƙulin gyaɗa da suka sha danshi suna tara gubar afulatoksin, wadda ke lalata hanta, ta ƙanƙantar da jakar Fabirishiyos, rigakafi ya ƙi kamawa. Mai haɗa abinci da kansa ya guji masara mai araha da ta dunƙule ko ta canza launi.

Mataki na shida: rigakafi

Jadawalin rigakafin Gumboro da Lasota, wato rigakafin Nukasil, ya danganta da abin da aka yi wa iyayen garken da abin da aka yi a kamfani, don haka karɓi jadawali daga inda ka saya ko wurin likitanka, kar ka kwafi na maƙwabci. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato tana sarrafa irin waɗannan rigakafin a nan gida. Ɗauko shi cikin ƙanƙara. Janye musu ruwa na kamar awa ɗaya da sassafe, haɗa rigakafin a ruwa mai sanyi marar kulorin da garin madara marar maiƙo giram 2 a kowace lita, a kwanon roba, su shanye cikin awa biyu. Garken da ke zawo ko ya galabaita, a ɗaga masa ranar sai an ga likita.

Ranar bakwai zuwa mako na uku

A rana ta bakwai ɗora su a sikeli. Buroila, wato ɗan tsakon nama, da ya zo da giram 40 zuwa 45 ya kamata ya ninka nauyinsa sau huɗu ko fiye, wato wajen giram 170 zuwa 200. Wannan adadi shi ne shaidar da za ka samu daga waje cewa hanji ya ginu. Daga nan rage ɗumi da digiri 2 zuwa 3 duk mako, ka faɗaɗa musu wuri.

Riƙa karanta kashi kowace safiya. Mai lafiya dunƙulalle ne da farin hula a kai. Lokaci-lokaci za ka ga wani mai laushi launin ƙasa-ƙasa mai wari, daga jakunkunan nan biyu yake fitowa, ba ciwo ba ne, kar ka ruga shago. Abin tsoro shi ne jini, ko yauƙi mai launin lemo, ko abinci yana fita yadda ya shiga, ko kumfa mai yawa. Jini daga mako na biyu zuwa sama yawanci koksidiyosis ne. Ba bakteriya ke kawo shi ba, wata ƙwaya ce mai suna Eimeria da ke nuna a jiƙaƙƙiyar shimfiɗa, maganinta daban ne, irin su amfuroliyam. Tana farfasa bangon hanji, sai wata bakteriya mai suna Clostridium da ke zaune shiru a hanjin ta samu kafa ta ruɓar da shi. Saboda haka kwashe duk inda ya jiƙe a gindin kwanon sha kullum ka zuba busasshe. Tsuguna ka shaƙi iska a daidai tsayin kajin, in idonka ya yi yaji, ƙara buɗe labule.

Idan lokacin sauya abinci ya yi daga sitata zuwa na gaba, kar ka yi shi dare ɗaya, domin bakteriyar hanji ma sai sun saba da sabon abincin. Ranar farko kashi uku na tsohon da kashi ɗaya na sabon, rana ta biyu rabi da rabi, rana ta uku kashi ɗaya na tsohon da uku na sabon, ta huɗu sabon zalla. Kar ranar sauyin ta haɗu da ranar rigakafi ko ranar da za ka mayar da su wani ɗaki.